Me Ya Sa Ranar Biki Ta Fi Yi Wa Baƙo Nauyi?

Duk shekara idan Sallah ta matso, hostal yakan watse. 'Yan Ɗan Isa da Zurmi da Shinkafi kowa ya saɓa jakarsa sai gida. Waɗanda ake bari su ne abokan karatunmu na nesa, 'yan Binuwai, Kogi, Oyo ko Inugu, waɗanda kuɗin mota ya fi ƙarfinsu a kan hutun kwana biyu, ko kuma iyaye suka ce su zauna saboda halin da hanya ke ciki. In ka tambaye su yaya Sallar Ƙaura, sai ka ji: "Ta yi daɗi, amma fa..." Wannan "amma" ɗin nake so mu duba.

Ba a kanmu aka fara ba. Mu ɗauki ƙasar Danmak da ke arewacin Turai, mai mutane kusan miliyan 6, wadda kullum sunanta ke sahun gaba a rahoton ƙasashen da jama'arsu suka fi jin daɗin rayuwa. Baƙin da ke zaune can suna yaba amanar mutanen. Manomi zai ajiye kayan gona a bakin titi da akwatin kuɗi ya yi tafiyarsa, uwa za ta bar jariri a kekensa a ƙofar shagon shayi. Amma waɗannan baƙin dai su ne ke kukan cewa yin aboki a Danmak sai an sha wuya, kuma abin ya fi cizo lokacin Kirsimeti.

Dalili shi ne bikinsu na cikin gida ne. A daren 24 ga Disamba iyali kan rufe ƙofa, a kunna kyandir, a ci gasasshiyar agwagwa ko naman alade, sannan a riƙe hannun juna a zagaya bishiyar Kirsimeti ana waƙa. Akwai wani kunun shinkafa mai kauri da ake ɓoye ƙwaya guda ta wani ɗan itace a ciki, wanda ya tsince ta ya samu kyauta. Abin sha'awa ne in kana ciki. In kana waje kuwa, shaguna a rufe, titi tsit, ga sanyi, ga rana da ba ta wuce awa 7 a sama. Kuma a can ba a faɗa wa mutum gida haka kawai, sai an sa rana tun da wuri. Ko walimar wurin aiki da ake gayyatar kowa, barasa da naman alade ne kan gaba, don haka Musulmi yakan rasa yadda zai yi. Ba ƙiyayya ba ce. Mai gida ne bai san ƙofarsa a rufe take ba, tunda shi a ciki aka haife shi.

To mu fa? Za mu ce ai namu bikin a waje yake: Idi a fili, hawan sarki a titi, tuwon Sallah na yawo gida gida, naman layya har da kason maƙwabta. Gaskiya ne, kuma baƙi na yaba wannan. Ƙaura ma ba yau ta saba da baƙi ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1929 ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu ke zama a nan, ga kuma wannan makaranta tamu da aka kafa a 1983 tana ɗebo ɗalibai daga ko'ina.

Sai dai mu ma muna da ƙofofin da ba ma gani. Ɗalibin da ba ya azumi yakan yi wata guda yana neman inda zai sayi abincin rana. Ranar Sallah masu abinci sun tafi gida, wanda ba shi da risho sai garin kwaki. Namiji baƙo bai san gidan aure ba a shiga ba, sai ya ga an tsayar da shi a zaure ya ɗauka wulaƙanci ne, alhali zaure shi ne wurin girmama baƙo. Yara su tare shi da "barka da Sallah", bai san 'yan canji ake miƙa musu ba. Wani kuma cikin raha a ce masa, "Kai yaushe za ka musulunta?" Mai faɗa ya manta, shi kuwa ya kwana da ita. In Disamba ta zo, ranar da ta fi kowace girma a gidansu ta wuce a gari kamar kowace rana.

Ka ga ashe ciwon iri ɗaya ne. Ranar biki kowa ke komawa cikin danginsa, ranar ce kuma baƙo ke tuna nasa suna nesa. Shi ya sa zai so garinku ya kuma ji haushinsa a lokaci guda, ba tare da ya zama butulu ba.

Maganin ba ya buƙatar kasafin kuɗin ƙungiyar ɗalibai. Kada ka tsaya a "sai ka shigo", domin baƙo bai san ko da gaske kake ba. Faɗa masa rana da lokaci, ka je hostal ka ɗauko shi. Kafin ku isa ka yi masa bayani: nan za mu zauna, ga yadda ake gaida Baba, ga abin da ke cikin kwanon. 'Yan mata ma su ja ƙawayensu, su da za su shiga har ɗakin Inna a yi musu lalle. In gidanku ya yi nisa ko hanya ba ta da kyau, ƙullo masa soyayyen nama in za ka dawo. Ranar bikinsa kuma ka taya shi hira, ka tambayi yadda ake yi a garinsu.

Yawancinmu da muka zo ajin ƙarshe, wata rana aiki ko bautar ƙasa zai jefa mu Ebonyi ko Bayelsa, Sallah ta riske mu a inda ko kiran salla ba ma ji. Ranar za mu so a samu wanda zai ƙwanƙwasa mana ƙofa.