Abin da ya haɗa igiyar caja da fitsarin dawakin sojan Ingila

Duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai gyaran waya a Sabon Gari, Gusau, ya san wannan ƙorafi: "Malam, ba ta caji sai na lanƙwasa igiyar na danne ta da wani abu." Wani ma tun daga Tsafe ko Bungudu ya biya kuɗin mota, yana zaton batir ne ya mutu ko ramin cajin ya lalace. Sau da yawa wayar lafiyarta lau. Igiyar ce ta karye daga ciki, daidai wuya, inda roba ke rufa wa ɓarnar asiri.

Dalili yana cikin halin jan ƙarfe. Duk lokacin da aka lanƙwasa shi ko aka doke shi, sai ya ƙara tauri a wurin, kuma taurin nan ba ƙarfi ba ne, hanyar tsagewa ce. Maƙeran fari, masu aikin tagulla da azurfa, sun daɗe da sanin haka. Idan maƙeri yana dukan farantin tagulla, akwai lokacin da ƙarfen ke daina bin guduma. In ya matsa, ya tsage. Sai ya mayar da shi wuta ya gasu, ya dawo da laushinsa, a ci gaba da aiki. Haka ake yi a unguwar Tswata Mukun ta Bida, wadda ta yi suna da tagulla. Abin mamakin shi ne, baƙin ƙarfen da ake yin wuƙa da shi in aka tsoma shi a ruwa da zafinsa tauri yake yi, amma tagulla ko a jikinta, tana nan da laushinta.

Turawan Ingila sai da suka yi asara kafin su gane zurfin wannan magana. A zamanin da suke mulkin Indiya, sojojinsu kan ajiye harsasai a bargar dawaki idan damina ta sauka. Da rani ya zo sai a tarar kwanson harsasan ya tsattsage, musamman a wuya, inda aka matse shi a masana'anta. Kwanson nan tagulla ce, kashi 70 cikin 100 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. An yi ta ɗora laifin a kan yanayi, har zuwa 1921 da masana uku, Moore da Beckinsale da Mallinson, suka bayyana abin da ke faruwa: iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ce ke cin ƙarfen a daidai inda matsa ta bar shi a ɗaure. Maganin kuwa shi ne na maƙeri, wato a tausasa shi da wuta bayan an gama ƙira.

Igiyar caja ma ta wannan hanya ta biyo. A masana'anta ana jan ƙarfen ta cikin ƙananan ramuka har ya sirance kamar silin gashi, kuma jan nan yana busar da shi, dole a gasa shi kafin a murɗe silin a rufe da roba. Tun 1913 ma jan ƙarfen da aka tausasa da wuta shi ne ma'aunin da duniya ke gwada sauran ƙarafa da shi wajen ɗaukar lantarki. To amma laushin da aka fito da shi daga masana'anta ƙarewa yake yi. Waya na cikin aljihu, fawa bank na ɗaya aljihun, mutum na kan babur: kowane gargada lanƙwasa ce a wuri guda. Sili ɗaya ya tsinke, na biyu ya bi shi.

A nan ne hatsarin yake. Igiyar caji mai sauri tana ɗaukar amfiya 3, wata har 5. Idan rabin silin ya tsinke, ragowar ne ke ɗaukar duk nauyin, sai wurin ya riƙa zafi. Wanda ke kwana da waya a kan katifa tana caji ya kamata ya taɓa wuyan igiyarsa ya ji.

Igiyoyin araha sun fi saurin mutuwa, domin wasunsu sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Sanholo bai wuce kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka ba, kuma bai jure lanƙwasa. In aka yanka matacciyar igiya aka kankare silin da reza, aka ga fari a ciki, to an san abin da aka saya, an kuma san shagon da ba za a koma ba. Ƙafafun filogi kuwa maganaɗisu ke tona su: bai kama tagulla, in ya manne to baƙin ƙarfe ne aka rina.

Kada wani ya ce zai kwaikwayi maƙeri ya kunna wa igiya ashana. Wuta tana dawo da laushi ne kafin tsagewa, ba ta haɗa abin da ya riga ya rabu, roba kawai za ta narke. Igiyar da ta fara "sai an danne" ta gama aiki, a canza ta kafin ta ja wa ramin caji. Sabuwar kuma a riƙa zare ta ta kai, a naɗe ta sako-sako, mai yawan danna waya tana caji kuma ya nemi irin mai kai a karkace, wadda ke kwanciya a jikin wayar.