Yadda Masana Ke Gane Ainihin Hasken Tauraro

Mu da muka tashi a Alƙahira, taurarin da muke gani da dare ba su taka kara sun karya ba, domin fitilun birni sun cinye sararin sama. Da yawa daga cikin ƙannenmu ba su taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta ba, sai dai su ji a bakin kakanni. Duk da haka, lokacin sanyi tauraron da Larabawa ke kira Shi'ira yakan fito fes, ga kuma Rijil a kusa da shi, wanda bai kai shi haske ba.

To amma fa a ido ne kawai. Shi'ira ya ninka rana haske kusan sau 25, shi kuwa Rijil sau dubbai masu yawa. Nisa ne ya dusashe shi: hasken Shi'ira kan yi shekara 8.6 a hanya kafin ya iso mana, na Rijil fiye da shekara 800.

Shi ya sa masana ke fara neman nisa tukuna. Sai su ɗauki hoton tauraro yau, su sake ɗauka bayan wata 6, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana. Tauraron kusa zai ɗan gusa idan aka gwada shi da na can nesa, kamar yadda yatsa ke tsalle idan mutum ya miƙa hannu yana rufe ido ɗaya yana buɗe ɗaya. Bajamushe Friedrich Bessel ya yi nasarar wannan awo a 1838, kuma kumbon Gaia na Turai ya auna taurari fiye da biliyan 1 tsakanin 2013 da 2025.

Da zarar an san nisa, sauran lissafi ne, domin fitila idan nisanta ya ninku biyu, haskenta kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan sai a ƙaddara an jera dukkan taurari a nisan da haske ke yi cikin shekara 32.6, a gwada su. A wannan layi, ranar nan tamu mai ƙona Masar za ta zama ɗan tauraron da ba za a gani ba daga tsakiyar Alƙahira.

Su ma masanan Masar gudun birni suke yi. Cibiyar duban taurari tana Abbasiyya ne a da, unguwar da masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje yake a yau. A 1903 aka mayar da ita Hilwan, sannan a 1964 aka kafa babbar na'urar hangen nesa mai madubin mita 1.88 a hamadar Ƙaddamiyya. Yanzu kuma fitilun sabon babban birnin mulki sun fara cim mata.