Tsakanin Ɗorayi da Sharaɗa: wace irin fasaha muke yi wa matasanmu alkawari?

Duk wanda ya saba fitowa bakin titi a Ɗorayi bayan sallar asuba ya san yadda unguwar take farkawa. 'Yan garuwa ne kan gaba, suna tura kurar jarkoki zuwa gidajen da famfonsu ya daɗe da bushewa. Sai masu A Daidaita Sahu su biyo baya, suna goge babura kafin ɗalibai da 'yan kasuwa su fito. Can hantsi ya ɗaga sai masu POS su kafa lema, masu cajin waya su tayar da ƙaramin inji. Waɗannan su ne sana'o'in da suka fi bayyana a idon mai wucewa, kuma babu wadda za a raina a cikinsu, domin da su ake ciyar da gidaje. Amma idan mai karatu ya dube su da kyau zai lura da abu guda da ya haɗa su: kowace ɗaya ta tsiro ne a gurbin wani aikin gwamnati da ya gaza. Rashin ruwan famfo ya haifi ɗan garuwa, rashin motocin haya na gwamnati ya haifi mai babur, rashin wuta ya haifi mai caji, ƙarancin takardun kuɗi a banki kuma, musamman tun wahalar sauya fasalin naira a farkon 2023, ya bunƙasa mai POS.

Abin da ya sa wannan ya fi ciwo a Ɗorayi shi ne wurin da Allah ya ajiye ta. Tsohon matsugunin Jami'ar Bayero yana maƙwabtaka da ita. Idan ka ratsa ta Ja'en ka isa rukunin masana'antu na Sharaɗa. Idan ka miƙe hanyar Panshekara ka isa na Chalawa. Bompai ce kaɗai ke can ɗaya ɓarin birni. Wato ga ilimi a hannun dama, ga masana'anta a hannun hagu, amma yaron da ya tashi a tsakaninsu sai ya ƙare a kan babur mai ƙafa uku.

Dattawan unguwa suna ba da labarin zamanin da ma'aikata ke fita a jere kan kekuna kafin gari ya waye, wasu zuwa masaƙa, wasu majema, wasu kamfanin roba ko na alewa ko na matsar man gyaɗa. Ba zan ce zamani ne na jin daɗi zalla ba, albashin leburan masana'anta bai taɓa zama abin alfahari ba. Sai dai akwai abin da masana'anta take bayarwa wanda babur ba ya bayarwa, shi ne matakala. Yaro yakan shiga yana share ƙasa, ya koma riƙa wa makaniki sifana, ya iya kwance inji da ɗaure shi, wata rana a wayi gari shi ne shugaban sashe. Mai A Daidaita Sahu kuwa, ranar da ya cika shekara goma a kan titi, abin da ya iya shi ne abin da ya iya a watansa na farko, sai dai ƙarin ciwon baya.

Yadda matakalar ta karye ba ɓoyayyen labari ba ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 a zamanin Janar Babangida ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Daga baya aka buɗe ƙofa ga yadi da atamfa daga ƙasashen Asiya, har ta kai Kantin Kwari, kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, ta cika da hajar Sin alhali masaƙun da ke 'yan kilomitoci daga gare ta suna rufe. A ƙarƙashin duk wannan akwai ciwon da bai taɓa warkewa ba, wato wutar lantarki. An sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, KEDCO ta gaji Kano da Katsina da Jigawa, amma mai masana'anta bai daina ajiye janareto da tankin dizal ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Wata shida bayan haka, a Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa Kano da maƙwabtanta cikin duhu fiye da mako guda. Masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda sun san abin da suka yi asara a kwanakin nan, ko da babu wanda ya zo ya ƙidaya musu.

To a cikin wannan hali ne ake ta kiran matasa zuwa fasahar zamani. Babu taron da za a yi a kan rashin aikin yi ba a ambaci kwamfuta da rubuta manhaja da ƙirƙirarriyar basira ba. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku. Ni ba na cikin masu yi wa wannan dariya. Na ga yaran da suka koyi zanen kwamfuta ko gyaran waya a Farm Centre da titin Beirut suka riƙe kansu, har suka riƙe iyayensu. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake gabatar da maganar kamar an sami hanyar tsallake masana'anta gaba ɗaya, kamar yaro zai zauna a ɗaki a Ɗorayi Ƙarama, babu wuta, data tana cinye abin da ya samu, ya yi gogayya da takwaransa na Indiya wanda fitilar ɗakinsa ba ta ƙiftawa. Ɗaya cikin ɗari zai iya, kuma shi za a ɗauka a hoto. Sauran casa'in da tara fa?

Akwai wata fasahar da ba a cika ambatonta a taruka ba saboda ba ta da ƙyalli. Injin ɗura ruwa a leda, injin narka roba, injin casar shinkafa, duk na yanzu da ƙwaƙwalwar lantarki suke aiki. Idan allon da ke sarrafa su ya sami matsala, sau da yawa sai an jira mai gyara daga Legas, wani lokaci ma daga ƙasar da aka ƙera injin, aiki ya tsaya cak, leburori su koma gida babu ko sisi. Wanda ya iya karanta zanen wayoyin irin wannan inji, ya iya haɗa sola mai ɗaukar nauyin masana'anta, ya iya walda ta bututun gas, shi ma masanin fasaha ne, kuma aikinsa ba ya ƙaura zuwa wata ƙasa ta intanet. Haka batun fata. Ƙarnuka da dama fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Yau ma majemun Chalawa da Sharaɗa suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifaniya, can a yanka ta a ɗinka takalmi da jaka, ribar gaske ta zauna a can. Mai zana samfurin takalmi a kwamfuta da mai sarrafa injin yanka shi, su ne ma'aikatan fasahar da Kano ta fi kowa hujjar samarwa. Akwai kuma ruwan jima mai guba da ke gangarawa kogin Chalawa, wanda tace shi kaɗai aiki ne na masu ilimin sinadarai da Jami'ar Bayero ke yayewa kowace shekara.

Bara wani ɗan ƙanwata da ke karatun injiniyan lantarki a wata kwaleji ya karɓo takardar neman gurbin horo a masana'anta, wato shirin SIWES da asusun ITF ya ƙirƙiro tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa inji da hannunsa kafin ya gama. Ya yi makonni yana zagaya ƙofofi. Wani wurin maigadi ya ce masa an daina aiki, wani wurin aka ce ana aiki kwana biyu ne kawai a mako, wani wurin aka karɓi takardar ba a sake kiransa ba. A ƙarshe wani shagon ɗaukar hoton takardu ya buga masa hatimi a littafinsa. Da na nuna ɓacin rai sai ya ce da ni, “Kawu, ai rabin ajinmu haka suka yi.” Zai fito da shaidar cewa ya yi horon masana'anta alhali bai taɓa tsayawa a gaban injin da ya fi na ɗinki girma ba, kuma gobe mai masana'antar da ya ƙi karɓarsa shi ne zai ce ɗalibanmu ba su iya komai ba. A Jamus matashi yakan raba makonsa tsakanin makaranta da kamfani, ana biyansa ɗan alawus, kamfanin yana rainon wanda zai ɗauka. Mu ma muna da irin wannan a gargajiyance, domin babu maƙeri ko majemi ko marini da ya koyi sana'arsa a kan allo. Abin da muka rasa shi ne wurin da yaron zai tsaya.

Sai batun yadda ma'aikaci zai isa wurin aikin. Tun da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ta zama ƙafar Kano. Sunan ma gado ne daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Malam Shekarau, lokacin da aka kawo baburan domin ɗaukar mata. Birni mai miliyoyin mutane ya dogara kacokan a kan abin hawa mai cin mutum uku ko huɗu. Da masu baburan suka yi yajin aiki a Janairun 2022 kan kuɗaɗen da KAROTA ke karɓa, kowa ya ga abin da hakan ke nufi, ɗalibai da ma'aikata da marasa lafiya suka cika tituna a ƙafa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin hawa ya ninka, ya sake ninkawa.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Wanda ke zaune a Ɗorayi yana aiki a Bompai sai ya bi titin BUK ya wuce Gadon Ƙaya da Ɗan Agundi da Ƙofar Nasarawa, ya sauka ya sake hawa wani. A ce naira dubu ɗaya yake kashewa zuwa da dawowa, kuma na san da yawa za su ce na rage. A kwana 26 na aiki ya kashe naira 26,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta sanya a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, albashin da ba kowane kamfani mai zaman kansa ke biya ba. Saurayin da ya yi wannan lissafi ya ga gara ya karɓi babur ya riƙa kawo balas ba malalaci ba ne. Lissafinsa daidai ne.

Gwamnatoci sun zuba kuɗi mai yawa a gadojin sama da na ƙasa, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Kabuga zuwa Dangi, kuma sun rage cunkoso, ba na musu. Amma gada tana yi wa mai mota hidima ne. An yi mana alkawarin jirgin ƙasa na cikin gari, ba mu gan shi ba. Legas ta fara manyan bas masu hanyarsu ta daban tun 2008. Abin da nake roƙo bai kai wannan ba: bas manya masu lokaci sananne, da asuba da yamma da kuma lokacin canjin masu aikin dare, daga Kabuga da Ɗorayi zuwa Sharaɗa da Chalawa, wani layin kuma zuwa Bompai, da tikitin wata wanda kamfani zai iya saya wa ma'aikatansa a dunƙule. Masu A Daidaita Sahu ba za su rasa abinci ba, lunguna da ƙananan hanyoyi nasu ne, bas ba ta shiga can.

A kan wuta ma ƙofa ta buɗe. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. A Aba an ƙaddamar da tashar Geometric mai aiki da iskar gas a Fabrairun 2024, wadda aka keɓe wa birnin da kewayensa. A nan gida akwai tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Chalawa a Janairun 2023, ga madatsun Tiga da Chalawa da aka daɗe ana maganar samar da wuta daga gare su, ga bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta, wanda aka ƙaddamar da aikinsa tun 2020. Kowane ɗaya shi kaɗai bai isa ba. Tambayar da ya kamata 'yan majalisar jiha masu wakiltar Gwale da Kumbotso da Nasarawa su riƙa yi a fili ita ce, idan gas ɗin ya iso, wa zai fara sha, kuma a kan nawa? Idan aka keɓe wa rukunan masana'antu uku layin da ba ya ɗaukewa, to a ɗaura masa sharaɗi a rubuce: duk kamfanin da ya amfana ya karɓi adadi sananne na ɗaliban kwalejojin fasaha da na Jami'ar Bayero da ta Wudil kowace shekara, horo na gaske a gaban inji, a kuma wallafa sunayen kamfanonin da suka cika da waɗanda suka saɓa.

Ɗan ƙanwar tawa zai kammala karatu a bana. Ya riga ya fara tambayar nawa ake bayar da kafin alƙalami a karɓi babur.