Bismut, Maƙwabcin Dalma da Ya Zama Maganin Olsa

A jadawalin sinadarai, dalma ce ta 82, bismut na 83. Dukansu ƙarafa ne masu nauyi, har aka daɗe ana ɗaukar su abu guda, sai a 1753 wani Bafaranshe, Claude Geoffroy, ya nuna bambancinsu. Halinsu kuwa ya sha bamban. Dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Shi kuwa bismut, hanjin ɗan Adam kaɗan ƙwarai yake tsotsa daga cikinsa, shi ya sa likitoci suka yarda a haɗiye shi.

Masana kimiyya kan ɗaura bismut da sinadaran da ke ɗauke da kabon. In ɗaurin kai tsaye ne da kabon ɗin, a sami irin su tirifenilbismut, farin gari da ake sa wa man roka don ya daskare. Wannan ba ruwan manomin Agye da shi. Wanda ya shafe mu shi ne ɗan'uwansa na kantin magani, inda ake haɗa ƙarfen da tsamin sitirik, irin na lemon tsami, ko da salisilik, dangin asfirin.

Daga Gazawa har Gidan Rumji, da wuya ka zauna majalisa ba ka ji wani na kukan olsa ba, balle da azumi. A ɗora wa yunwa laifi, a ɗora wa barkono. Amma a 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta, Helicobacter pylori, da ke maƙalewa a bangon tumbi tana jawo yawancin gyambon ciki. Da aka ƙi gaskata su, Marshall ya kurɓi ƙwayoyin da kansa a 1984, bangon tumbinsa kuwa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Bismut na kashe wannan ƙwaya, yana kuma lulluɓe gyambon ya kare shi daga tsamin ciki. Sai dai shi kaɗai ba ya gamawa da ita. Ana haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu da omefirazol, a sha kwana 10 zuwa 14 ba fashi. Mai tire a kasuwa da zai ɓalle maka ƙwaya huɗu, kuɗinka kawai ya ci.

Mai shan bismut kan ga harshensa ko bayan gidansa ya yi baƙi. Ba abin tsoro ba ne, bismut ne ya gamu da kibiritun da ke cikin yawu da hanji, kuma in an daina sha sai ya washe. To amma gyambon da ke zubar da jini ma baƙin kashi yake kawowa, mai danƙo da ɗoyi. In jiri ko aman jini ya biyo baya, a garzaya likita.

Iyaye mata su fi kowa lura. Pepto-Bismol, ruwan hodan nan na Amurka da ake sha don zawo, bismut da salisilik ke cikinsa. Bai dace da ƙananan yara ba, musamman mai zazzaɓi, haka mai juna biyu da wanda asfirin ba ya karɓar jikinsa. Yaron da zawo ya kama da damina, abin da ke cetonsa ruwan gishiri da sukari ne na leda, da ƙwayar zink, da ci gaba da nono.

Yawan shan bismut ma yana da nasa haɗarin. A shekarun 1970 ɗaruruwan mutane a Faransa, waɗanda suka yi watanni suna ɗirkar bismut da yawa, sun kamu da ruɗewa da karkarwa, har hukuma ta taƙaita sayar da shi.