Mabuɗi da Jeri: Matsalar Tsara Kalmomin Hausa a Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda harsunan tsara shafukan intanet, musamman PHP da JavaScript, ke ajiye kalmomi da jera su, da kuma irin ɓarnar da hakan kan yi wa ƙamusun Hausa idan ba a lura ba. A waɗannan harsuna akan zuba bayanai cikin jeri, a ba kowane bayani mabuɗin da za a neme shi da shi. A ƙamus, kalma ita ce mabuɗi, ma'anarta kuwa ita ce bayanin.

2.0 Nau'in Mabuɗi

Mabuɗi iri biyu ne a PHP: lamba ko rubutu. Idan aka rubuta "8" a matsayin rubutu, PHP kan mayar da shi lamba, amma ya bar "08" yadda yake. JavaScript kuwa kan gabatar da mabuɗan da suka yi kama da lamba, daga ƙarami zuwa babba, ko da a ƙarshe aka shigar da su.

Abin da ya fi shafar mai nazarin harshe shi ne, mabuɗi ba ya maimaituwa. Tun da daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu, "kai" na jiki da "kai" wakilin suna da "kai" aikatau duk mabuɗi ɗaya ne a wurin kwamfuta. Na ƙarshe zai shafe na farko ba tare da wani gargaɗi ba.

3.0 Jerin Baƙaƙe

Kwamfuta ba ta san abacada ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, lambar "b" 98 ce, ta "z" 122, ta "ƙ" 409, ta "ɓ" 595, ta "ɗ" kuwa 599. Saboda haka, jerin da aka bar wa na'ura zai kawo "zomo" kafin "ƙasa", ya kuma kawo "ƙasa" kafin "ɓarawo". Haka nan "Zariya" za ta riga "abinci", domin manyan baƙaƙen A zuwa Z suna gaban ƙanana. Ga kuma bambancin ƙasashe: Nijeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ, wato kalma ɗaya, mabuɗi biyu.

4.0 Mafita

Na farko, a ba kowace kalma lambarta ta daban a matsayin mabuɗi, a ajiye rubutunta da karin sautinta cikin bayani. Na biyu, a yi jeri da ƙa'idar Hausa ta ma'ajiyar CLDR, wadda ta ajiye ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ta kuma ɗauki sh da ts a matsayin baƙaƙe masu zaman kansu.

5.0 Kammalawa

Yanke hukunci kan matsayin sh da ts da 'y a jeri aikin masana harshe ne, ba na masu tsara manhaja ba. Ya dace hukumomin da ke nan Birnin Tarayya, wato NERDC da ke Sheda da NITDA, su zauna da sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i a fitar da matsaya guda. Fulfulde ma na da ɓ da ɗ da ƴ, Yarbanci da Ibo kuwa na da wasula masu ɗigo a ƙasa, don haka matsalar ba ta Hausa kaɗai ba ce.