Ma'ana da asalin kalmar « stay » ta Ingilishi

1. Gabatarwa

Ɗalibi Bahaushe na ƙasar Nijar yakan fara koyon Ingilishi a ajin farko na kolaji, bayan ya yi shekara shida ana karantar da shi da faransanci. Saboda haka, duk kalmar Ingilishi da ya ci karo da ita, da ma'auni biyu yake auna ta: hausar da ya tashi da ita, da faransancin da ya samu a lakwal. Wani lokaci ma'aunan nan suna taimakonsa, wani lokaci kuma suna ɓatar da shi.

A wannan takarda mun ɗauki kalma guda, wato aikatau « stay », wadda tana cikin kalmomin farko da ake koya. Za mu duba ma'anoninta, sannan mu bi sawunta zuwa inda ta fito, mu gwada ta da kalmar « tsaya » ta Hausa, daga ƙarshe mu nuna wurare biyu da ɗalibi ko mai fassara ke iya yin tuntuɓe.

2. Ma'anonin kalmar a yau

Babu kalmar Hausa guda da ke ɗauke dukkan nauyin « stay ». Mun ware ma'anoni huɗu:

a) Rashin barin wuri. « Stay here » na nufin tsaya nan, ko zauna nan, kada ka tafi. Faransanci zai ce « reste ici ».

b) Sauka a wani wuri na ɗan lokaci, kamar baƙo ko matafiyi. « He stayed three days in Zinder », wato ya yi kwana uku a Damagaram. A nan Bahaushe kwana yake ƙirgawa, ba ya bukatar tsaya ko zauna.

c) Ɗorewa cikin wani hali. « Stay calm » na nufin kwantar da hankalinka, kada ya tashi. Babu zancen wuri a nan, hali ne ake so kada ya sake.

d) Dakatar da wani abu. Wannan ma'ana ta fi yawa a harshen shari'a, kuma za mu komo kanta a sashe na 7.

Akwai kuma bambancin karin harshe. A Ingila, in an tambayi mutum « where are you staying? », masaukinsa ake tambaya. Amma a Sikotilan, da Afirka ta Kudu, da Indiya, da Nijeriya, « where do you stay? » na nufin ina kake da zama, wato gidanka na dindindin. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke zuwa Kano ko Ikko wannan ma'ana ta biyu zai fi ji.

3. Inda kalmar ta fito

Abin da zai ba ɗalibi mamaki shi ne, aikatau « stay » kalmar aro ce, kuma daga faransanci aka aro ta. Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin ƙarni na 12, ba shi da ita. Yana da « standan », kakan « stand » na yau, da « bidan », wadda ta bar « abide », da « wunian », wadda ta mutu a Ingilishi amma ƴar'uwarta « wohnen » tana nan da rai a Jamusanci.

A shekarar 1066 Giyom, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan har kusan shekara ɗari uku faransanci ne harshen fada da kotu da manyan ƙasa, talakawa kuwa suna ta Ingilishinsu. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a yi shari'a da Ingilishi. A wannan zama tare ne dubban kalmomin faransanci suka shige Ingilishi.

Mafi yawan masana sun yarda cewa « stay » ta fito daga aikatau « ester » na tsohon faransanci, ta hanyar siffar « estai- » da yake ɗauka a wasu wurare na jujjuyawarsa. Shi kuma « ester » daga « stare » na Latin yake, ma'anarsa tsayuwa da ƙafa. An fara ganin « stay » a rubuce a ƙarni na 15, da ma'anar tsayawa ana cikin tafiya. A ƙarni na 16 ne ma'anar zama wuri ɗaya ta kafu. Jerin ma'anonin a fili yake: wanda ke tsaye ba ya tafiya, wanda ya daina tafiya ya dakata, wanda dakatawarsa ta daɗe ya zama mazauni.

Sauran tambaya ita ce wasalin « e » na farkon « ester ». Mutanen da Latin ɗinsu ya rikiɗe ya koma faransanci ba su son fara kalma da « s » haɗe da wani baƙi, sai suka riƙa sa wasali a gaba: « stare » ya koma « ester », « status » ya koma « estat », « schola » ya koma « escole ». Daga baya « s » ɗin ya faɗi, aka samu « état » da « école ». Ingilishi kuwa bai damu da wannan haɗi ba, sai ya yar da wasalin ya riƙe « s »: « estai- » ya koma « stay », « estat » ya koma « state », « estrange » ya koma « strange ». Hausa ma ba ta fara kalma da baƙi biyu, amma dabararta daban ce. Takan tsarma wasali a tsakani, kamar a « sito » da « sitiyari », ko ta zubar da baƙin farko, kamar a « tasha ».

4. Kalmomi uku masu kama ɗaya

In aka buɗe babban ƙamus za a tarar « stay » ba guda ba ce. Ban da aikatau da muka yi bayani, akwai suna « stay », igiya mai kauri da ke riƙe sandar tsakiyar jirgin ruwa mai tafiya da iska. Wannan ba aro ba ce, daga « stæg » na tsohon Ingilishi take. Daga ita aka gina « mainstay », wadda a yau ake faɗa wa mutum ko abin da gida ko ƙasa ta dogara a kansa, kamar yadda muke cewa ginshiƙi. Ta uku ita ce « stay » mai ma'anar tokare, daga « estaie » na tsohon faransanci, dangin « étai » da « étayer » na yau. Hanyoyi uku ne suka haɗu a furuci ɗaya da rubutu ɗaya, kuma da yake ma'anoninsu makusanta ne, mai magana da harshen ba ya jin bambancin.

5. Dangin kalmar

« Stare » na Latin reshe ne na wata tsohuwar saiwa da masana ke rubutawa *sta-. Alamar tauraro tana nuna cewa ba a same ta a rubuce ba, ta hanyar kwatanta harsuna aka gano ta, aikin da ya bunƙasa bayan jawabin da Wiliyam Jons ya yi a Kalkata a 1786 a kan dangantakar Sanskirit da Girkanci da Latin. Daga wannan saiwa aka samu « stand » na Ingilishi, da « stehen » na Jamusanci, da « estar » na Sifaniyanci, da ɗafa-ƙeyar « -stan » ta Farisanci mai ma'anar wuri ko ƙasa, wadda muke ji a Pakistan da Afganistan.

A faransanci, « ester » bai ɓace sarai ba. Ya saura a harshen lauyoyi cikin « ester en justice », wato tsayawa gaban kotu a matsayin mai ƙara ko wanda ake ƙara. Siffofin « été » da « étant » na aikatau « être » su ma daga « stare » suke. Haka nan « rester » daga « restare » yake, wato ɗafa-goshin « re- » da « stare ». Ke nan a shekarar 2020, lokacin annobar korona, da aka ce « stay at home » a Landan, aka ce « restez chez vous » a Paris, da kalmar Latin guda aka yi umurnin biyu. Hausa kuwa « a zauna gida » ta ce: inda waɗancan harsuna suka ɗauko hoton mai tsayuwa, ita hoton mai zama ta ɗauko.

Hausa tana da rabonta a wannan dangi ta hanyar aro. « Tasha » daga « station » take, ita kuma daga « statio » na Latin, wurin tsayawa.

6. « Stay » da « tsaya »

Ɗalibai da yawa sun lura da kamar da ke tsakanin « stay » da « tsaya », a sauti da ma'ana, har wasu kan ɗauka ɗaya ta fito daga ɗaya. Babu wannan dangantaka. Hausa tana cikin harsunan Cadi, reshen babban gidan Afro-Asiya, Ingilishi kuwa yana gidan Indo-Turai. « Ts » na Hausa baƙi guda ne mai tunkuɗa, ba « s » da « t » ba ne da aka juya. Ban da haka, « tsaya » tana da danginta a cikin gida, irin su tsaye, tsayuwa, tsayar da, tsayayye. Kuma da zarar an mayar da « stay » zuwa « ester » da « stare », kamar sai ta ragu. Kama tsakanin kalmomi biyu kaɗai ba hujja ba ce, sai an samu daidaito mai maimaita kansa a kalmomi masu yawa.

Abin da ya fi cancantar nazari shi ne yadda ma'anar ta bi hanya ɗaya. « Tsaya » ma tana nufin miƙewa da ƙafa, tana nufin daina tafiya, tana nufin jira, kuma « tsayar da » tana nufin dakatarwa. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba sun bi turba guda, domin jikin ɗan Adam ne tushen kwatancin.

7. Wuraren tuntuɓe

Na farko ya shafi ɗalibi. Da yake ya san « rester », sai ya ga « rest » ya ɗauka ita ce. Ya rubuta « I rested in Tahoua », yana nufin ya zauna a Tawa, alhali abin da ya faɗa shi ne ya huta. Aikatau « rest » na gidan Jamusanci ne, ba ya da alaƙa da « rester ». Abin da ke ƙara ruɗani shi ne akwai wata « rest » ta biyu, mai ma'anar saura, wadda ita daga « reste » na faransanci take. Daidai da « rester » a Ingilishi shi ne « stay » ko « remain ».

Na biyu ya shafi mai fassara, musamman na gidan rediyo da ke juya labari cikin gaggawa. In labari ya ce kotu ta ba da « stay of execution », wanda ya san ma'anar farko kaɗai zai iya cewa hukunci yana nan daram. Abin da aka faɗa kuwa shi ne an dakatar da zartar da hukuncin, wato « sursis à exécution ». Tsohuwar ma'anar ƙarni na 15 ce ta saura a bakin alƙalai. In hukuncin na kisa ne, kuskuren kalma guda ya juya labarin gaba ɗaya.

8. Kammalawa

Mun ga cewa « stay » ta taso daga Latin, ta ratsa faransancin Normandi, ta sauka Ingila, kuma ma'anarta ta tashi daga tsayuwa zuwa dakatawa zuwa zama. Shawararmu ga malaman Ingilishi ita ce su riƙa koyar da « stay » da « rest » da « rester » a darasi ɗaya, tare da tsaya, zauna, kwana, huta da saura, domin ɗalibi ya ga iyakar kowace. Irin wannan nazari ya kamata a yi wa « remain » da « demeurer », mu kuma duba yadda karin harshen Maraɗi da na Damagaram da na Adar suke raba aiki tsakanin tsaya da zauna.