Me Ya Sa Batirin Wayar Hannu Ke Saurin Tsufa?

Daga cikin koke-koken masu amfani da wayar hannu ta zamani, da wuya a sami wanda ya kai na batir yawa. Za ka ji mutum yana cewa sa'ad da ya sayi wayarsa takan wuni ta kwana da caji ɗaya, amma yanzu ko azahar ba ta kaiwa sai ta nemi wuta. Wasu sukan ɗora laifin a kan kamfanin da ya ƙera wayar, wasu a kan mai gyara. Gaskiyar al'amari ita ce kowane batir tsufa yake yi, ko da ajiye shi aka yi ba a taɓa shi ba. Sai dai akwai abubuwan da ke gaggauta wannan tsufa, kuma babbansu shi ne zafi, abin da mu mazauna wannan yanki muke da shi har ya yi mana yawa.

Abin da ke cikin batir

Kusan dukkan wayoyin yau suna aiki ne da batirin litiyam. Shi litiyam wani ƙarfe ne, kuma duk cikin ƙarafa babu wanda ya kai shi rashin nauyi. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irin wannan batir a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin ilimin sinadarai saboda binciken da ya haifar da shi.

Mai karatu ya ƙaddara cewa batirin nan gida ne mai ɗaki biyu. Ɗaki ɗaya da girafat aka yi shi, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. Ɗayan kuma haɗi ne na litiyam da wani ƙarfe mai suna kobal da iskar oksijin. A tsakaninsu akwai wani ruwan sinadari, da kuma wani siririn labule mai ƙananan ƙofofi wanda ke hana ɗakunan biyu taɓa juna. Idan aka sa waya a caji, wutar lantarki tana tura ƙwayoyin litiyam su ratsa ruwan, su shiga ɗakin girafat su zauna. Da an cire ta an fara aiki da ita, sai su kama hanyar komawa. Yayin da suke komawa ta cikin ruwan, ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektoron, waɗanda ba sa iya bin ruwan, sai su zagaya ta cikin sassan wayar, kuma wannan wucewa tasu ita ce ke haskaka fuskar wayar ta kuma fitar da sauti.

To, ba duk ƙwayoyin litiyam da suka tafi ne ke dawowa ba. A kowace tafiya wasu kaɗan sukan haɗu da ruwan sinadarin su zama wani ɓawo a jikin girafat, su maƙale a nan har abada. Sannu a hankali masu kai-da-kawo suna raguwa, batir kuma yana rage abin da zai iya riƙewa. Alal misali, kamfanin Apple ya bayyana cewa an tsara batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan zagaye 500 na caji. Zagaye ɗaya yana cika ne idan aka cinye kashi 100 a jimlace, wato wanda ya ci rabin cajinsa yau ya cika, gobe ya sake cin rabi, zagaye ɗaya ya yi.

Inda zafi ya shigo

Ɗaliban sinadarai sun san cewa zafi yana ƙara saurin haɗuwar sinadarai. Masana suna da wani ƙiyasi cewa a lokuta da yawa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka wannan sauri. Ɓawon nan da ke cinye litiyam shi ma haɗuwar sinadarai ce, saboda haka batirin da ya saba zama cikin zafi yana riga ɗan'uwansa tsufa. Kamfanin Apple ya ce an yi wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa, a watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a cikin inuwa. Ke nan da bazara wayar ta riga ta ƙetare iyakarta tun tana aljihu, balle a ce an bar ta a gaban mota ƙarƙashin gilashi da tsakar rana.

Shi kansa caji yana haifar da zafi, musamman caji mai sauri. Wanda ya sa waya a caji ya tura ta ƙarƙashin matashin kai, ko ya bar ta bisa katifa, ya toshe mata hanyar fitar da wannan zafi. Abin da ya dace shi ne a cire mata riga, a ɗora ta a kan tebur ko daɓen siminti a inuwa, a kuma ƙyale ta. Kallon bidiyo ko wasa da waya tana caji haɗa wuta biyu ne a murhu ɗaya. Haka nan a shagunan caji, inda akan jibga wayoyi da yawa bisa juna ƙarƙashin rufin kwano, babu laifi mutum ya roƙi mai shago ya ajiye masa tasa a gefe. Amma kada a ce za a sanyaya waya a firiji. Kamar yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi, haka raɓa za ta taru a cikin wayar, ta yi ɓarnar da ta fi ta zafin.

Akwai kuma wani dalili da ba kowa ke lura da shi ba, wato raunin sabis. Idan waya ta yi nisa da turken sadarwa, sai ta ƙara ƙarfin saƙon da take aikawa, tamkar mai kiran ɗan'uwansa daga wancan gefen gona. Shi ya sa a kan doguwar hanya ko a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, waya takan ɗumama, caji kuma ya zube ba tare da an taɓa ta ba. A irin wannan wuri gara a sa ta a yanayin jirgin sama har a iso inda sabis ya zauna. Rage hasken fuska ma yana taimakawa ƙwarai, kuma a sashen batir na saitin waya ana iya ganin manhajar da ta fi shan caji.

Shawarar da ta tsufa

Har yanzu wasu masu sayar da waya sukan ce a bar sabuwar waya ta yi awa takwas a caji, a kuma riƙa barin batir ya mutu murus kafin a sa masa wuta. Wannan shawara ta samo asali ne daga batiran nikel na zamanin da. Batirin litiyam ya fi wahala a bakin iyaka biyu, wato idan ya ƙare ƙaf, da kuma idan ya daɗe a cike, musamman cikin zafi. Ya fi samun sauƙi tsakanin kashi 20 da 80, kuma wayoyi da yawa suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85. Sai dai a garin da ba a san ranar dawowar wuta ba, babu mai ganin laifin wanda ya cika batirinsa fal. A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a haɗa masa cika da zafi, a cire shi idan ya cika, a ajiye shi wuri mai sanyi.

Caja ma abin lura ce. Aikinta shi ne ta sauko da wutar gida, mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, ta mayar da ita kimanin bolt 5 a caji na yau da kullum. Caja ta jabu ba ta da isasshen kariya, kuma idan wutar janareta ta yi sama da ƙasa tana iya bari ɓarna ta isa ga wayar.

Idan waya ta ƙi caji, kafin a ruga wurin mai gyara a fara sauya igiya, domin ita ce ta fi saurin lalacewa, sannan a sauya kan cajar. In duk ba a dace ba, a leƙa ramin cajin. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a ciki su hana igiya zama daidai. A kashe wayar, a sa tsinken sakace a zaƙulo dattin a hankali. Kada a yi amfani da allura, gama ƙarfe yana iya haɗa wuta ko ya karya haƙoran da ke ciki. Wadda ta faɗa ruwa kuwa, a kashe ta nan take, kada a sa ta a caji, a bar ta ta bushe inda iska ke kaɗawa. Binne ta cikin shinkafa ba ya ƙara komai, har ma kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa ɓarɓashin shinkafar yana iya shiga ya yi lahani.

Alamar da ba a wasa da ita ita ce kumburi. Idan murfin baya ya fara ɗagawa, ko fuskar waya ta bankare, to ruwan sinadarin ne ya fara rikiɗa yana fitar da iska a cikin batir. Idan siririn labulen nan ya yage, ɗakunan biyu za su haɗu, zafi ya tashi farat ɗaya, wuta ta kama. Irin wannan haɗuwa ce ta sa a 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa, bayan da wasu suka kama wuta saboda kuskure a ƙirar batirinsu. Batirin da ya kumbura ba a sake yi masa caji, ba a danna shi, ba a huda shi don a fitar da iskar. A kai wayar ga mai gyara ya sauya shi, kuma kada a jefa tsohon a bola, inda ake cinna wa shara wuta yara kuma suna wasa a kusa.